Sabon fim ya fito, sabuwar waƙa ta fito, to namu fa sai yaushe?

Jama'ar Kona da kewaye, da na Tasawa da Mayahi, da ƴan uwanmu masu ci-rani a Kano da Legas da Agadas, har da na Libiya da Aljeriya da ke biye da mu ta waya. Yau ba makirfo ne gabanmu ba, rubutu ne, don maganar da muke tafe da ita ta fi ƙarfin minti goma na filin gaishe-gaishe. Ku yi haƙuri da tsawonta, ku ɗora shayi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa rumfar mai cajin waya da safiyar Asabar ya san abin da za mu faɗa. Tun kafin rana ta yi zafi samari sun kewaye teburi, kowa da wayarsa ko kart memwar ɗinsa a hannu. Ga yarinya an aiko ta daga cikin gida da kart ƙulle a bakin zane. Tambaya guda ce a bakin kowa: "Sabo ya fito?" Ba sai an ce sabon mi ba. Jiya Juma'a da dare an saki Labarina a Kano, yau kafin a gama karin kumallo ya shigo Kona. Takin zamani bai taɓa zuwa mamu da wanga sauri ba. Maganin asibiti ma haka, balle takardar da aka aiko daga Yamai. Babu abin da ke iso mu a kan lokaci kamar sabon fitowa.

Mu fara da gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mu ma muna kallo, kuma muna jin daɗi. Wanda ya ce maku ma'aikacin rediyo ba ya bin fim mai dogon zango, ƙarya yake. Mun bi Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24. Mun yi dariya da Gidan Badamasi har hawaye. Tun da Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a YouTube cikin 2020, mun ga yadda fada guda ke rabuwa biyu a kan Umar Hashim kamar ɗan unguwarsu ne. Labarina na Aminu Saira ya sa mata da miji gardama a gidaje da yawa, Manyan Mata ya sa wasu iyaye kuka. Shekarar da Hamisu Breaker ya saki Jaruma, babu bikin da ba a sa ta ba daga nan har Damagaram, haka aka yi da Warr da Chass na Ado Gwanja a 2022. Ga Indiya-Hausa na Algaita, ga na Turkiyya da aka juya zuwa Hausa. Yaranmu kuma suna ɗakin gem suna buga ƙwallo a PlayStation, wasu sun duƙufa kan Free Fire a wayar yayyensu.

Saboda haka kada wani ya ɗauka mun zo zagin Kano ne. Kano ba baƙuwarmu ba ce. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ta haɗa mu, kakanninmu sun yi fatauci tsakanin Tasawa da Katsina da Kano tun babu wanda ya san za a ja wani layi a ce nan Faransa, can Ingila. Mutanen Kano sun yi aiki, sun ci guminsu. Tambayarmu ga kanmu take. Cikin dukan abin da ke shiga kart ɗin nan kowane mako, nawa ne namu? Buɗe wayarka yanzu ka duba. In ka samu waƙa ɗari, ƙirga mamu waɗanda ɗan jihar Maraɗi ya rera. In ka samu fim ashirin, nuna mamu guda da aka ɗauka a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi. Za mu jira ka.

Bari mu bi hanyar da sabon fitowa ke biyowa, don a nan ne maganar take. Mai shirya fim a Kano ya kashe kuɗɗinsa, ya biya ƴan wasa da masu kamara, ya ɗora a YouTube. Ribarsa tana zuwa ne daga tallar da ake sakawa cikin fim ɗin, kuma ana biyansa gwargwadon yawan waɗanda suka kalla a intanet. To a nan Kona mutum nawa ke da forfen da zai kalli fim na awa guda kai tsaye, ga reso yana zuwa yana tahiya kamar baƙon da bai ga wurin kwana ba? Sai mutum guda, mai turi, ya sayi forfen dare ko ya hau babur ya je inda reso ke da ƙarfi, ya sauke fim ɗin sau ɗaya. Da safe ya tura ma mutum hamsin, kowa ya ba shi dala biyar ko dala goma. Su kuma hamsin ɗin kowa ya tura ma na kusa da shi ta Xender ko Bluetooth, kyauta. Kafin la'asar rabin gari ya kalla. Amma a lissafin YouTube mutum nawa suka kalla daga Kona? Guda ɗaya tak.

Kun ga abin da wannan ke nufi? Kamfanin waya ya ci kuɗɗin forfe. Mai turi ya samu na cefane, kuma ba mu ganin laifinsa, sana'a ya samu a garin da aiki ya yi wuya. Mai caji ya samu nasa. Wanda ya yi wahalar fim ɗin bai ga ko tamma ba daga wurinmu. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi. Amma ba wannan ne ya fi damunmu ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, mu ƴan kallo ne da ba a ƙirgawa. Muna da yawa, muna da naci, mun hardace sunan kowane jarumi, amma a kan takarda babu mu. Wanda ba a ƙirga shi kuwa ba a yin lissafi da shi. Shi ya sa in ka ga ɗan Nijar a fim ɗin Hausa, sau da yawa mai gadi ne da rawani a bakin get, yana gurɓata Hausa don a yi dariya. Mu ma mu zauna a nan mu taya su dariya, ba mu lura da mu ake ba.

Abu biyu sun faru da ya kamata su farkar da mu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke mamu kuran, kaya suka yi tsada, magani ya yi wuya. Amma sabon fitowa bai fasa zuwa ba ko mako guda. Da sola muka yi caji, muka ci gaba da kallo. Sannan cikin watan Mayu 2025 hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan cewa ba su bi ta hannunta ba kafin a sake su. Ranar nan wayoyin rediyo ba su huta ba. Masu saurare suna kira suna tambayarmu ko gaskiya ne, wasu har da faɗa, kamar mu muka sa hannu a takardar. Sai muka zauna muka yi tunani. Wani ofis a wata ƙasa, wanda ba mu zaɓa ba, bai ma san da zamanmu ba, shi ke da ikon cewa ga abin da matanmu da ɗiyanmu za su kalla daren Juma'a. Ba muna cewa hukumar ta yi daidai ko ba ta yi ba, wannan maganar mutanen Kano ce. Muna cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Abin takaicin, ba haka muka taso ba. Mu da muka yi lakkwal, an koya mamu sunayen marubutan Faransa har muka hardace, amma babu mushen da ya taɓa gaya mamu cewa Nijar na cikin ƙasashen da suka fara yin sinima a Afirka ta yamma. Sai da muka girma muka biɗa da kanmu. Moustapha Alassane ya yi fim ɗinsa Aouré, wato aure, tun 1962, ya kuma yi fina-finan zane masu motsi da hannunsa, ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa. Oumarou Ganda, wanda babban gidan raya al'adu na Yamai ke ɗauke da sunansa, shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu cikin 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Turmin Danya kuwa, wanda ake cewa da shi aka buɗe harkar fim ɗin bidiyo a Kano, sai 1990 ya fito. Ku yi lissafi: shekara 28 tsakaninsa da Aouré. Mun riga su tashi, suka riga mu isa.

Haka wajen wasan kwaikwayo da kiɗa. Iyayenmu sun san daren da ake kewaye rediyo ko telen gwamnati don a ji Yazi Dogo da mutanensa, da Hausarmu ta nan, da irin barkwancinmu. Sa'adu Bori ya sa ƙasar nan rawa, har Najeriya ana sayen kaset ɗinsa. Wato akwai lokacin da sabon fitowa ke tashi daga arewa ya gangara kudu. Yanzu ruwan ya koma gangara ta hanya guda.

Kuma ba basira ce ta ƙare ba. Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, amma sai da ta tahi Kano duniya ta san muryarta. Mdou Moctar, wanda yau yake cika manyan wuraren wasa a Amurka da Turai, ya kuma saki Funeral for Justice a 2024, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko cikin 2008. Kun san yadda aka san shi? Ta kart memwar da Bluetooth, waya zuwa waya, irin hanyar nan tamu ta rumfar mai caji, har wani Ba'amurke mai biɗar waƙoƙin Sahara ya ji shi ya nemo shi. Ashe kart ɗin da ke shigo da na wasu yana iya fitar da namu. Aïcha Macky ta ɗauki kamara ta shiga unguwar Kara-Kara ta garinsu, ta yi fim ɗin Zinder a 2021, aka nuna shi ƙasashe da dama. Sani Magori ya yi fim a kan albasar Galmi da auren da ke jiran kuɗɗinta. Albasa fa, jama'a! To amma mu tambayi kanmu, cikinmu nan wa ya taɓa ganin ɗayansu? An kalle su a Faransa, ba a kalle su a Kona ba. Na Kano yana zuwa ba mu biya, namu yana fita ba mu gani.

Wani zai ce ai mu ba mu da labarin da za a yi fim da shi, ƙauye ne, gero ne da wake. Subhanallahi. Ga Maijirgi nan kan gudron da ya tashi daga Tasawa zuwa Damagaram. A nan tahiyar Voulet da Chanoine ta ƙare cikin watan Yuli 1899, bayan sun ƙone garuruwa sun kashe bayin Allah tun daga Birnin Ƙonni har Koran Kalgo. A Dankori Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya masu. Kabarinsu yana Maijirgi. Jikokin waɗanda aka yi ma wannan ta'asa suna raye, wasunsu suna cikin masu karanta wanga rubutu. Wa ya yi fim a kai? Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi Sarraounia a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, kuma a Burkina aka ɗauke shi. A 2020 wasu daga Ingila suka biyo sawun Voulet har ƙasarmu, suka yi African Apocalypse, suka zauna da dattawanmu suka ji daga bakinsu. Mun gode masu. Amma dattawan nan kullum muna wuce su a gindin bedi, ba mu taɓa kunna waya mun ce "Baba, ba mu labari" ba.

Haka zancen sassabe. Manoman jihar Maraɗi ne suka raya itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar barin tsiron kututture ya girma, har duniya ta zo koyo wurinsu. Da aka tashi yin fim a kan wannan aiki, wani Bajamushe ne, Volker Schlöndorff, ya yi shi, kuma Baturen Ostareliya Tony Rinaudo ne tauraron. A 2005 kuwa, lokacin yunwa, babu irin kamarar da ba ta zo Maraɗi ba. Hoton da duniya ta riƙe namu ke nan, yaro mai kumburin ciki a hannun uwarsa. In ba ka ɗauki hotonka ranar sallah ba, wani zai ɗauke ka ranar makoki, kuma da shi za a san ka.

A 2024 Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa, Mai Martaba, ta aika gasar Oscar. Labarin sarauta ne da gadon mulki, aka ɗauke shi a Daura, nan kusa da mu. Mu da ke da tarihin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau, mu da sarautar Tasawa ke gabanmu, mi muka rasa? Labarin ɗan ci-rani da ya bar amarya wata biyu da aure ya nufi Libiya, ba fim ba ne? Matan da ke ɗaukar yara su bi hanyar Aljeriya, ba fim ba ne? Rigimar gona tsakanin ƴan uba, tashin farashin gero lokacin bazara, ɗan kokowa da gari ya ɗora ma buri ya je ya faɗi a zagayen farko? Yaranmu sun san sunan kowane ɗan ƙwallon Real Madrid ta dalilin gem, amma ba mu taɓa ganin wasan kokowa ko dara ko langa a wayarsu ba, alhali in ana kokowar takobi ƙasar nan gaba ɗaya tsayawa take.

Yanzu bari mu juyo da yatsa wajenmu, mu ƴan rediyo, don mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Wata rana wani saurayi ya zo mamu daga wani ƙauye na ƙasar Mayahi, ya sha rana a kan babur, da kart ɗinsa naɗe cikin leda. Waƙa guda ya yi, kan ɗan uwansa da ya tahi ci-rani shekara huɗu babu labari. Ya sayar da akuyarsa ya je Maraɗi ya shiga situdiyo. Muka ce mashi sai ya biya kuɗɗin sanarwa kafin a sa, haka tsarin yake. Ya laluba aljihu, abin da ya rage mashi na man komawa ne. Ya yi godiya ya tahi. Ko minti biyar ba a yi ba muka saki waƙar wani mawaƙin Kano, wanda bai san da mu ba, bai roƙe mu ba, kuma ba mu biya shi ba, muka maimaita ta sau uku kafin magariba. Sai bayan kwanaki muka saurari ta yaron, don ya bar mamu ita a kwamfuta. Wallahi sautin bai da kyau, gangar ta danne murya. Amma da muka sa ta a iska, wata tsohuwa ta kira tana kuka, ta ce ɗanta ne aka rera. Ba ɗanta ba ne, ba ta ma san yaron ba. Tun da muke sa waƙoƙin soyayya na Kano babu wanda ya taɓa kiranmu da irin wannan murya.

Akwai kuma wata zabiya da muka daɗe muna cewa za mu je mu ɗauki waƙoƙinta na daka da na biki. Kullum sai bayan damina, sai bayan sallah, sai an samu mai. Ranar da muka ji sanarwar rasuwarta, mu muka karanta ta da bakinmu. Ta tahi da abin da ke kanta, ko minti guda babu a ajiye. A kwamfutar gidan rediyo kuwa akwai waƙoƙin Indiya da ba mu san adadinsu ba. Allah ya jiƙanta, mu kuma ya yafe mamu sakacinmu.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun sha ji a fada. Na farko: "Talauci ne, wanda bai ƙoshi ba ina shi ina fim?" Gaskiya ne akwai talauci. Amma dala goma-goma da muke ba mai turi kowane mako, da kuɗɗin caji, da na forfe, da wanda yara ke kaiwa ɗakin gem, ba kuɗɗi ba ne? Muna kashewa a kan nishaɗi tun tuni. Ba mu ce a ƙaro ba, mun ce a karkato kaɗan ya zauna gida.

Na biyu: "Namu ba ya da kyau." Sau da yawa haka ne, ba mu musu. To amma wanda ya ga fina-finan Kano na farko a kaset ya san yadda suke, hoto yana rawa, murya tana shigowa bayan baki ya rufe. Mutanensu ba su ce sai ya yi kyau za su saya ba. Sun saya a haka, kuɗɗin ya koma cikin sana'ar, aka sayi kamara mai kyau, yara suka koyi aiki. Yaro ba ya iya tahiya in ba a bar shi ya faɗi ba. In muna jiran namu ya kamo Labarina kafin mu kalla, to har abada ba zai kamo ba.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: "Fim da waƙa suna ɓata tarbiyya, gara ma da ba mu da su." Muna girmama malamanmu da iyayen da ke faɗin haka, kuma akwai abin dubawa a ciki, don mu ma muna ganin abin da ke yawo a TikTok da ba za mu so ɗiyanmu su gani ba. Amma mu duba da kyau. Rashin yin namu bai hana yaranmu kallo ba. Suna kallo dare da rana, sai dai na wasu. Wanda aka yi a nan, mun san ɗan wa ya yi shi, mun san gidansu, in ya kauce liman zai iya kiransa, kawunsa zai iya ja mashi kunne. Wanda ya zo daga Mumbai ko Istanbul fa, wa za ka kai ma ƙara? In tarbiyya muke so, to namu ne muke da iko da shi.

A ƙarshen watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi murna, wasu ƴan uwanmu masu wasu harsuna kuma sun nuna damuwarsu, wadda ya kamata a saurara. Amma mu da aka ba wannan girma, mu sani harshe ba ya rayuwa da takardar gwamnati kaɗai. Yana rayuwa ne a bakin yara, cikin waƙar da suke rerawa a hanyar rijiya da labarin da suke kallo da dare. Ku saurari ɗiyanmu yanzu. Kalmomin kakanninsu suna ɓacewa, wanda ya yi Hausar garinsu a gaban abokai sai a ce baƙauye ne, kowa yana son ya yi magana kamar jarumin fim. Hausar Kano Hausa ce mai daɗi, amma tamu ma ba tsintar ta muka yi ba.

To mi za a yi? Ba mu zo da maganar miliyoyi ba, kuma ba mu ce a jira Yamai ba. Akwai cibiyar sinima ta ƙasa, akwai BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa, muna roƙonsu su tuna cewa Nijar ba ta ƙare a bakin gadar Yamai ba. Amma kafin su waiwayo, ga abin da ke hannunmu.

Mu ƴan rediyo mu fara. Mun ɗauki alkawari a gabanku: a shirinmu, duk sabuwar waƙar da ɗan yankin nan ya kawo, in babu zagi ko batsa ko cin mutuncin wani a ciki, za a sa ta ba tare da ya biya ko dala ba, a kuma faɗi sunansa da na garinsu. Muna kira ga abokan aikinmu na sauran gidajen rediyon karkara su yi haka. Kuma duk wata za mu fita da na'ura mu je wurin dattijo guda ko tsohuwa guda mu ɗauko abin da ke kansu. In kun ga mun yi sanyi, ku tuna mamu da wanga rubutu.

Masu turi, ku ne gidan sinimar garin nan, ko kun sani ko ba ku sani ba. Ku buɗe wuri guda a kwamfutarku ku sa mashi suna "Namu". Duk wanda ya zo ɗaukar sabon fitowa, ku ce mashi ga na gida ma. In kun amshi dala goma a kan waƙar yaron garinku, ku ajiye mashi biyar. Shi ba a Kano yake ba, gobe za ku haɗu a masallaci.

Masu biki da masu suna, in za ku kashe jika ashirin a kan mai kiɗan na'ura ya zo ya sa waƙoƙin wasu, ku ware wani abu ku kira makaɗin garinku ko zabiyar unguwarku, a yi masu kari a gaban jama'a kamar yadda iyayenmu ke yi. Ƴan kasuwarmu da ke son talla, ga yara nan masu wasan barkwanci a waya, ku ɗauki nauyin kashi guda a ambaci shagonku. Magadan gari, ku ba matasa fili da kuran dare guda a wata, a kafa farin ƙyalle a nuna fim ɗin ƴan ƙasa. A nemi izinin masu shi, ba mu tsammanin wanda ya yi fim don a gani zai ƙi a nuna shi ga mutanensa.

Ƴan uwa na ci-rani, ku kuna da reso mai ƙarfi. In yaron gida ya ɗora abu a YouTube ko Facebook, ku kalla a can, ku tura ma na kusa da ku adireshin maimakon ku sauke ku rarraba. Kallonku ana ƙirga shi, namu na nan ba a ƙirgawa. Wannan ma zumunci ne.

Ku kuma samari da ƴan mata masu waya a hannu, wayar da kuke kallo da ita tana da kamara. Moustapha Alassane bai da rabin abin da ke aljihunku lokacin da ya fara. Kada ku kwaikwayi gidan bene da motar da ba ku da ita, Kano ta fi ku iya wannan. Ku ɗauki abin da babu wanda ya fi ku saninsa: rumbu, rijiya, tashar mota ranar da ƴan ci-rani ke tashi, hirar tsofaffi bayan isha'i. Ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauke shi, ku kiyaye mutuncin gidajen mutane. Na farko zai yi muni, na biyu ma haka. Ku ci gaba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Asabar mai zuwa za mu je rumfar mai caji kamar kullum, kuma ba za mu ɓoye maku ba, za mu amshi sabon Labarina. Amma wannan karon za mu ƙara da tambaya guda: "Na gida fa, akwai?" In mutum ɗaya ya tambaya, mai turi zai yi dariya. In mutum ashirin suka tambaya, da kansa zai hau babur ya je biɗa.

Shi kuma saurayin nan na ƙasar Mayahi, in wanga rubutu ya kai gare shi, ko wani ya san shi, a gaya mashi ya dawo. Muna da bashinsa a kanmu.

Wanda ya san wani mawaƙi, ko mai wasan kwaikwayo, ko tsohuwa mai waƙoƙin da, a garinsu, ya sanar da mu sunan garin, za mu zo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a iska.